Numfashin Mutum Biyu

Wannan Larabar ce ta goma sha huɗu da Fatahu ya zo biko ƙofar gidan Malam Jibrin tela. Tun daga kan kwana ya hango farar motar Fijo ta Alhaji Zayyadu jikin katanga, ya san an riga shi zuwa.

Wanka biyu ya yi kafin ya taho, ɗaya a wurin aiki, ɗaya a gida, don kada ya zo wa matarsa Balki da ƙurar ramin ma'adini a jikinsa. Ko turare bai shafa ba.

A shekarar 1978 Arlit gari ne da ko mazauna cikinsa ba su gama yarda akwai shi ba. Shekara goma baya babu komai a wurin sai dutse da rana da sawun raƙuman Abzinawa. Yanzu ga lantarki, ga ruwan famfo da aka zaƙulo daga ƙarƙashin dutse, ga ramin uraniyom wanda in ka tsaya a bakinsa mutanen da ke ƙasa sai ka ce tururuwa. A cikin ramin nan Fatahu ke tuƙa kamiyo, motar ɗaukar dutse da tayarta ɗaya ta fi shi tsawo. Baƙi kan zo su riƙe baki suna salati. Shi kuwa ya daɗe da daina mamakin ƙarfe. Abin da ya gagare shi shi ne ƙofar zauren nan mai labulen buhu.

Balki ita kaɗai Allah ya bar wa Malam Jibrin. Asma gare ta tun tana ƙarama, kuma ba ta ɓoye wa Fatahu ba tun ranar da ya fara tsayawa da ita. Mahaifiyar Fatahu, Inna Larai, ta aiko daga Damagaram cewa ba ta yarda ba. Ya yi ta roƙo har aka ɗaura. Wata biyar da biki sai ga Inna ta sauka da kayanta, ta tare a gidansu na kamfani. Ita kuwa mace ce ta turaren wuta, safe da yamma kaskonta ba ya mutuwa. Balki ta durƙusa ta roƙe ta, aka ce raini ne. Ranar da ciwon ya kada yarinyar a tsakar gida, Inna ta ce tarin fuka ne aka ɓoye musu. Ta dafa ƙirji ta rantse, in bai sake ta ba, ba ta yafe masa nonon da ya sha ba.

Ya rubuta saki ɗaya. Sati uku bayan nan aka tabbatar Balki na da ciki.

Malamai sun gaya masa iddarta ba ta cika sai ta haihu, kuma yana iya maida ita da kalma ɗaya. Sai dai Balki ta aiko masa da saƙo gajere: in ya maida ita ba ta ce to ba, gangar jiki kawai zai kai ɗakinsa. Shi ya sa yake zuwa. Yanzu ga watan haihuwa ya kama. Ranar da ta sauka auren ya ƙare, sai dai a ɗaura sabo da yardar ubanta, uban kuwa idonsa na wani wuri.

"Salamu alaikum. Baba, ina wuni?"

Malam Jibrin bai ɗago daga wuyan rigar da yake wa aiki ba. "Lafiya. Mi ya kawo ka?"

"Abin da ya kawo ni satin jiya, Baba."

"To amsar satin jiya tana nan."

Alhaji Zayyadu, Bakatsinen da ke da babban shagon rediyo da atamfa a kasuwa, ya gyara zama a kan tabarma, ya miƙo masa hannu da fara'a.

"Malam Fatahu, kada ka ɗauke ni wani iri. Ni ban zo neman kowa ba, na san hukuncin mace mai idda. Gaisuwa na zo. Muna dai hira ne da Baba, ina ba shi labarin gidana na Katsina. Darbejiya shida a tsakar gida, ga rijiya. Mai ciwon ƙirji in ya kwana uku a can sai ya manta da shi."

"Allah ya sanya albarka," in ji Fatahu.

"Ka ji mutumin da ke tunanin lafiyarta," in ji Malam Jibrin, ya soke allura. "Kai kuwa da ta faɗi gabanka, takarda ka ba ta. Alhaji har magani ya sa aka kawo mata tun daga Katsina, na gargajiya, wanda ba ya taɓa abin da ke ciki."

Fatahu ya ɗago da sauri. "Wane irin magani, Baba?"

"Na hayaƙi ne," in ji Alhaji Zayyadu. "Ganye ne, a zuba a garwashi, a lulluɓa da zane a shaƙa. Kakata da shi ta..."

Fatahu bai ji ƙarshen maganar ba. Hancinsa ya riga ya kamo wani ƙauri mai ɗaci yana fitowa ta zaure. A bayan ƙaurin kuma ga wani siririn sauti, kamar iska na bi ta tsagar ƙofa. Ya san sautin nan. Wata bakwai yana jin sa a kunnensa ko yana tsakiyar rugugin injina.

Ya miƙe ya yaye labulen.

"Kai! Ina za ka? Gidana ne!"

Bai waiwayo ba.

Balki na zaune a kan 'yar kujera a tsakar gida, ta ture zanen da aka lulluɓa mata, ta dafa gwiwa da hannu ɗaya, ta ɗan sunkuyo gaba. Kafaɗunta na hawa suna sauka, ramin wuyanta na lotsawa duk jan numfashi. Leɓɓanta sun fara duhu. A gabanta ga kasko yana tuttuɗo hayaƙi, ga Gwaggo Mairo, ƙanwar ubanta da ta raine ta, tana ta faɗin, "Daure, ɗiyata, daure, ciwon ne ke fita."

Fatahu ya sunkuci kaskon da hannu biyu, ya ruga ya watsa shi a rairayin waje. Sai da ya dawo ya ji tafukansa na zogi.

"Gwaggo, ina pomp ɗinta? Maganin da take shaƙa, yana ina?"

Tsohuwa ta nuna bayan gida. "Na... na jefa shi masai shekaranjiya. An ce maganin Nasara ne, yana busar da ɗa a ciki. Ni tsoro na ji, wallahi tsoro na ji."

Ya cusa hannu aljihun ƙirjinsa, ya fito da wani ɗan gwangwani mai bakin roba. Wanda Balki ta manta ne a kan taga ranar da ta bar gidansa. Tun daga ranar bai taɓa fita ba tare da shi ba.

Ya durƙusa gabanta zai kai mata baki. Ta ɗaga yatsa ɗaya, alamar ya dakata.

Abin da ya gani daga nan bai manta da shi ba har tsufansa. Mace ce iska ta ƙare mata a tsakiyar fili, amma idanunta a tsaye suke, babu firgici ko kaɗan. Ta karɓi pomp ɗin, ta girgiza shi da kanta. Ta fitar da ɗan abin da ya rage a ƙirjinta, ta kama bakin robar da leɓɓa, ta danna daidai lokacin da ta ja. Ta riƙe. Yatsunta na ƙirga a kan gwiwa, ɗaya, biyu, uku, huɗu, har inda ta iya. Ta saki. Ta jira. Ta sake. Duk wannan kuwa ɗaya hannun nata na kan cikinta, babban yatsanta na shafa shi a hankali, kamar mai lallashin yaron da tsawa ta tsorata.

Shi da ke gangara da kamiyo cike da dutse a gefen rami ba tare da ya ji ɗar ba, sai ga shi tsoro ya kama shi. Ita ce ke mutuwa, ita ce kuma ke kwantar wa wani da hankali.

"Subhanallahi," ya faɗa bai san ya faɗa ba.

Bayan shaƙa ta huɗu fiton ya ɗan sassauta, amma bai tafi ba. Ta dube shi, karon farko cikin wata bakwai, ta tattaro iskar kalma ɗaya.

"Asibiti."

A ƙofar gida Alhaji Zayyadu na tsaye da makulli a hannu, ya kasa ko buɗe ƙofar motar. 

"Wallahi taimako na yi nufi. Wallahi ban san..."

"Ba ni makullin, Alhaji."

Ya miƙa ba musu.

Fatahu ya rufe gilasai duka saboda ƙurar hanya. Sitiyarin na cin ƙunar tafukansa, bai sassauta riƙo ba. A kujerar baya Malam Jibrin ya tallafe ɗiyarsa a zaune, hularsa ta faɗi bai sani ba, yana ta kiran sunan da yake kiranta da shi saboda sunan mahaifiyarsa ta ci.

"Uwata. Uwata, ga mu nan, mun kusa. Kada ki yi mini haka, Uwata."

A asibitin kamfani Madam Asabe ce ta tare su, ungozomar da ke duba Balki tun cikin na wata biyu. Gajeruwar mace ce 'yar Maradi, muryarta ta fi jikinta girma. Kafin Fatahu ya gama bayani ta sa an jingina Balki da matasai uku, an ɗora mata abin shaƙar iska a fuska, an kira likita ya yi mata allura. Fatahu da Malam Jibrin suka tsaya jikin bango, babu mai kallon wani.

Kusan rabin awa aka yi kafin kafaɗun Balki su daina hawa da sauka. Duhun leɓɓanta ya washe. Ta janye abin fuskar kaɗan.

"Madam... bai motsa ba. Tun azahar."



Madam Asabe ta ɗauko wani ɗan ƙahon ƙarfe, ta kafa faffaɗan bakinsa a kan cikin, ta manna kunnenta a ɗaya bakin. Ta saurara. Ta matsar da shi gefe. Ta sake saurara. Malam Jibrin ya fara karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa. Fatahu kuwa ko addu'ar ta ƙi zuwa, sai kallon fuskar Madam yake yi.

Ta matsar da ƙahon ƙasa da cibiya, ta runtse ido. Can sai gefen bakinta ya motsa.

"Ga shi nan, ɗan banza. Ɓuya ya yi."

Malam Jibrin ya sulale ya zauna a ƙasa.

Madam ta dubi Fatahu sama da ƙasa. "Kai kuma yau a matsayin me ka zo? Miji ne ko ba miji ba?"

Ya dubi tsohon, tsohon ya kau da kai.

"Bar shi ya ji," in ji Balki a hankali.

Ya matso kamar mai tafiya a kan ƙwai. Ya sunkuya, ya ɗora kunnensa a bakin ƙahon. Da farko ba ya jin komai sai shuuu, kamar iskar hamada daga nesa. Sai kuma ya ji shi. Ƙaramin bugu ne, mai sauri, mai tsabta, ba ya tuntuɓe, ba ya hutawa, kamar ɗan barewa na gudu a kan tsandauri. A can cikin duhu, inda babu hanci babu iska, wani mutum da bai taɓa gani ba yana raye, yana ta sauri.

Hawaye suka gangaro masa suka ɗiga a kan ƙarfen.

"Da me yake numfashi?" ya tambaya. Ya san amsar, an sha gaya masa, amma yau ne ya ji ta da kunnensa.

"Da nata," in ji Madam. Ta juya ga Malam Jibrin, ta ɗan rage murya saboda furfurarsa, amma ba ta rage maganar ba. "Baba, ka ji da kyau, ka kuma kai wa Gwaggo. Abin da ke cikin nan ba shi da wata iska sai wadda uwarsa ta ja. In ta rasa, shi ne farkon rasawa. Maganin nan da kuka jefar ba ya busar da ɗa. Rashinsa ne ke kashe ɗa. Wata mai asma in ta yi ciki ciwon ya lafa, wata ya tsaya yadda yake, wata ya ƙaru. Ɗiyarka nata ƙaruwa ya yi, amma ban taɓa ganin mai kiyayewa irinta ba. Wata bakwai ba ta tsallake awo ko ɗaya ba. Kwana uku kacal kuka raba ta da maganinta, kun ga inda muka tsaya."

Tsohon ya dafa bango ya miƙe, ya fita baranda yana jan ƙafa.

Madam ta kama hannuwan Fatahu ta juya su, ta yi tsaki ganin yadda suka tashi. Tana shafa masa magani tana naɗe su da bandeji take magana, ba tare da ta dubi Balki ba.

"Ke kuma, tun da ba a gaya miki ba, bari in gaya miki. Wannan mutumin duk Litinin yana nan. Ya zauna a bencin masu awo, ƙato da shi a tsakiyar mata, yana tambayata me ke tada ciwon, yaya ake zaunar da mutum, shaƙa nawa ake yi kafin a taho asibiti. Matan har suna suka sa masa, Mai Ciki. Ya ce kada in faɗa miki. To na faɗa."

Ta ɗaure bandejin, ta fita ta ja ƙofa.

Balki ce ta fara magana, da sunan tsokanar da take kiransa da shi tun suna zance, saboda aikinsa na tuƙi.

"Shofer."

Ya durƙusa a gefen gadon. "Na'am."

"Ka san abin da ya fi yi mini ciwo? Ba takardar ba ce." Tana magana tana hutawa tsakanin kalmomi. "Ranar da na faɗi a gidanka, ina kallonka daga ƙasa. Ina neman idonka. Kai kuwa Inna kake kallo, kana jira ta gaya maka abin da za ka ji game da ni."

"Haka ne."

"Wata huɗu ba ka tako ƙofarmu ba."

"Haka ne, Balki. Kunya ce ta hana ni, da tsoro. Ba ni da wata hujja."

"Ni kuwa ban sami lokacin tsoro ba." Hawaye suka fara bin gefen fuskarta. "Na daina shiga madafa. Na daina shara. A zaune nake barci, jingine da bango. In iska ta taso in jiƙa zane in rataya a taga. Kullum ina ƙirga motsinsa, in ya yi shiru in sha ruwan sanyi in kwanta ta gefen hagu in jira. Numfashin mutum biyu nake yi da ƙirjin da bai ishi mutum ɗaya ba. Kuma duk sanda ya shure ni sai in ce, da ubanka na nan da ya ji."

Fatahu ya kifa goshinsa a ƙarfen gadon, kafaɗunsa na girgiza.

"Ban cancanci ki ce to ba. Na sani. Alhaji na da gida mai itatuwa, ni ba ni da komai sai garin dutse. In kin zaɓe shi ba zan ce kin yi laifi ba."

"Wa ya ce maka itace nake nema?" Ta share ido da bayan hannu. "Inna fa? Ta janye rantsuwarta?"

Ya girgiza kai. "Na kai ta gaban likita, ya gaya mata ba tarin fuka ba ne, ba a ɗauka. Ta ce ta ji, amma abin da ta faɗa ta faɗa. Na je wurin liman, ya ce biyayya ga uwa wajibi ce, amma ba ta kai a zalunci wani ba. Sai na kama mata ɗaki a unguwar 'yan Damagaram, kusa da ƙawayenta. Kullum in na tashi aiki sai na je na durƙusa na gaishe ta. Wata biyu ke nan ba ta amsa ba."

"Kuma kana zuwa?"

"Kullum."

"Kada ka fasa. Ko shekara za ta yi ba ta amsa ba, kada ka fasa. Ba na so ɗana ya taso ya ga ubansa ya bar gaida uwarsa." Ta ja numfashi a hankali. "Amma ɗakina babu kasko. Ko na waye."

"Babu."

"In na haihu, ba za a hura mini wuta a ƙarƙashin gado ba. Ruwan wankan jego a waje za a dafa, nesa da ni."

"Ni zan dafa."

Ta yi 'yar dariya cikin kuka. "Da waɗannan hannuwan?"

Dariyar ta yanke. Ta damƙi ƙarfen gadon, ta runtse ido, ta riƙa fitar da iska ta baki a hankali, a hankali. Sai a lokacin ya tuna tun ɗazu yana ganin tana yin haka jefi-jefi, ya ɗauka ciwon ƙirjin ne.

"Balki? In kira Madam?"

"Wannan ba asma ba ce." Ta buɗe ido, gumi ya tsattsafo mata a goshi. "Tun muna mota ya fara. Kira Madam. Ka kira Baba kuma."

Madam Asabe ta shigo, ta taɓa cikin, ta dubi agogon da ke maƙale a rigarta. "Naƙuda ce. Ta fari ce, da sauran tafiya, amma ta kama hanya. Abin iskar nan zai zauna kusa da ke, pomp ɗinki a hannunki. Maza, waje."

"Madam, ki ba ni minti ɗaya," in ji Balki.

Malam Jibrin na tsaye bakin ƙofa, kansa ba hula. Ta miƙa masa hannu, ya matso ya riƙe.

"Baba, ka yafe mini. Ban taɓa tsallake maganarka ba. Na san don ni kake fushi, kuma fushinka ya riƙe ni lokacin da ba ni da abin riƙewa. Amma ina so ɗan nan ya faɗo a cikin auren ubansa."

Tsohon ya girgiza kai. "Uwata, mutumin nan ya taɓa sakinki kina kwance."

"Yau kuma ya ɗauki wuta da hannunsa, kana gani."

Tsohon ya dubi fararen bandejin, ya daɗe yana dubansu. Bai ce to ba, bai ce a'a ba. Ya dai sunkuyar da kai.

Balki ta juyo ga Fatahu. "Na ce to. Faɗi, kafin ɗanka ya riga ka."

Ya miƙe tsaye. Ya faɗi kalmar da ya yi wata bakwai yana maimaitawa shi kaɗai a cikin kamiyo. 

"Baba, Madam, ku shaida. Na maida matata Balki ɗakinta."

"Mun shaida," in ji Madam Asabe. "Allah ya sa albarka. Yanzu ku fita mini, aiki gare mu."

A baranda suka tarar da Alhaji Zayyadu, ya biyo su a ƙafa, babbar rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya tambayi jikinta, aka ce da sauƙi. Ya dubi fuskar Fatahu, ya dubi ta tsohon, ya gane sauran. Ya karɓi makullinsa.

"Allah ya sauke ta lafiya," ya ce. "In ana bukatar mota, a aiko." Ya juya ya tafi, bai waiwayo ba.

Rana ta yi ƙasa, ta rina tudun duwatsun da aka tono daga rami ja wur. Malam Jibrin ya zauna a wannan ƙarshen benci, Fatahu a wancan. Daga cikin ɗakin suna jiyo muryar Madam tana cewa, "Ja a hankali. Riƙe. Saki. Yawwa, haka."

Can tsohon ya yi gyaran murya.

"Shekara ashirin da ɗaya ina ganin ciwon nan yana kama ta. Duk sanda ya tashi, sai in fita zaure in yi ta addu'a, don ba na iya kallo." Ya goge ido da hannun riga. "Yau na ga ka tsaya ka kalla."



Malam Jibrin ya tattara rigarsa, ya matso har kafaɗarsa ta taɓa ta Fatahu.

"Abin nan da take shaƙa," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Girgizawa ake fara yi, ko dannawa? Koya mini, ɗana. Daga farko."